Martani Ga Mai Cewa A Ɗaure Ma'aikatan Lafiya: Idan Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa, malami kuma marubuci daga nan yankinmu na Ƙonni, ya yi a kan kurakuran da ake tafkawa a asibitocinmu, da magungunan da ke cutar da mutane maimakon su warkar da su. Duk wanda ya taɓa kwana a tabarma a farfajiyar asibiti yana jinyar nasa ya san zafin da ya sa Malam ya ɗauki alƙalami. Ba ni da ja a kan ciwon da ya nuna. Maganin da ya rubuta wa ciwon ne ban yarda da shi ba, domin ina tsoron idan aka sha shi, ciwon zai koma ciki ya ɓuya, ya ci gaba da cin mutane ba a gani.

Idan na fahimce shi daidai, maganarsa ta tsaya a kan ƙafa uku. Ta farko, duk kuskuren da aka yi a asibiti ko a masana'antar magani sakaci ne da rashin tsoron Allah, don haka a kori wanda ya yi, a gurfanar da shi, a ɗaure mutum biyu ko uku sauran su shiga taitayinsu. Ta biyu, abin nan da ake kira kyautata ingancin aiki, da takardunsa da jadawalinsa da tarurrukansa, kayan ƙasashe masu kuɗi ne, a wurinmu kuwa hanyar cin kuɗin zama ce kawai. Ta uku, maganar harhaɗa magani ba tamu ba ce, tunda babu masana'antarsa a Ƙonni ko Malbaza ko Illela, abin da ya rage mana shi ne a kwashe masu tallar ƙwayoyi daga kasuwa a kuma tsaurara iyaka. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan, bari in ba Malam haƙƙinsa. Akwai ma'aikacin da ke barin gadi ya tafi gida ya kwanta. Akwai mai daka wa mai naƙuda tsawa. Akwai mai sayar da maganin da aka ba shi amana ya raba kyauta. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna rubuta wannan, kuma littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, Une médecine inhospitalière, ya bayyana irin wulaƙancin da majinyata ke sha a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Wanda ya aikata irin wannan ya cancanci hukunci, kuma ba zan tsaya masa ba.

Inda muka rabu da Malam shi ne ya zuba abubuwa uku a tukunya ɗaya. Akwai ha'inci, kamar mai ɗura ruwa a kwalba ya manna mata takardar rigakafi. Akwai sakaci, kamar wanda ya san ƙa'ida, yana da halin bin ta, ya take ta da gangan. Sannan akwai kuskure, wanda mutumin kirki, ƙwararre, mai son aikinsa, yake faɗawa ciki saboda gajiya, ko cunkoso, ko kwalabe biyu masu kama da juna. Malaman fiƙihu da muka yi karatu a gabansu ba su taɓa haɗa kisan ganganci da kisan kuskure a hukunci ɗaya ba. Sun kuma bambanta wanda ya san aikin magani ya yi iya ƙoƙarinsa da wanda ya kutsa kai ba shi da ilimi. Abin da shari'a ta rarrabe tun ƙarni da yawa, bai kamata fushi ya sa mu cakuɗa shi yau ba.

Zan faɗi abin da na gani da idona. Wata shekara, a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya, an kwantar da 'yar ƙanwata a wata cibiyar lafiya da ba zan ambaci sunanta ba. Sunan yarinyar Aisha. Yarinyar da ke gefenta a gadon ita ma Aisha, amma ta girme ta, ta kuma fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Allurar zazzaɓi mai tsanani kuwa da nauyin yaro ake auna ta. Ma'aikaciya ɗaya ce ke riƙe da ɗakin tun daren da ya gabata. Ta zo da sirinji biyu a faranti, ta ce, "Ina mai Aisha?" Uwar ɗaya yarinyar ta yi shiru ta sunkuyar da kai, domin 'yar fari ce, kuma kowa ya san Bahaushiya ba ta amsa sunan ɗan fari a gaban mutane. Ƙanwata ta amsa. Aka yi wa ƙaramar allurar babbar.

Da ma'aikaciyar ta ɗauki sirinji na biyu ta duba karne, wato katin asibitin yaro, sai na ga hannunta yana rawa. Ta juyo ta ce mini, "Yaya, ku yi haƙuri, na yi kuskure, bari in kira majo." Da ƙafarta ta je ta kira majon, wato shugaban ma'aikatan cibiyar. Aka sa ido a kan yarinyar, aka sake auna wa ɗayar tata allurar, Allah ya kiyaye, dukansu suka tashi. Kashegari na tarar kowane yaro a ɗakin da ɗan filasta a wuyan hannu an rubuta lamba, lambar nan ita ce a karnensa, kuma majo ya kafa doka cewa ba a ƙara ɗauko sirinji biyu a faranti ɗaya.

Malam, ka auna wannan da ma'auninka. Da dokar da kake nema tana aiki a ranar, baiwar Allah nan ta san cewa kalmar "na yi kuskure" ita ce takardar sallamarta, ko ma ƙofar gidan kaso. Me kake jin za ta yi? Za ta yi shiru, ta yi wa babbar yarinya allurar ƙaramar, ta wuce. Babbar ta sami maganin da bai kai ya kashe cutar ba. Idan ta rasu a ce kwana ya ƙare. Babu filasta, babu sabuwar doka, kuma wata Aisha tana nan tafe a damina mai zuwa. Ko da an gano an kore ta, wadda za a kawo a madadinta za ta tarar da gado ɗaya, yara biyu, suna ɗaya, da dare marar barci. An canja mutum, ramin yana nan a buɗe.

Kada a ɗauka wannan ciwon talaka ne kaɗai. A 1999 cibiyar nazarin harkokin lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskuren da za a iya kauce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan majinyaci ɗaya cikin goma yana cutuwa a wurin neman lafiya, kuma kimanin rabin wannan cutarwa ana iya hana ta. Amurka ba ta rasa kotuna ba, ba ta rasa lauyoyi ba. Idan tsoron shari'a yana kawar da kuskure, da can ya fara ƙarewa.

Masu jiragen sama sun riga likitoci gane wannan. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta naɗe tayoyin jirgi bayan sun sauka, jirgin ya kifa da ciki. Aka yi ta ɗora musu laifi, har wani masani, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙi ya ga maɓallin tayoyi da na fukafukai iri ɗaya ne, kuma suna dab da juna. Sai ya sa aka manna wa na tayoyi ɗan ƙaramin taya na roba, na fukafukai aka ba shi wata siffa daban, yadda ko a duhu hannu zai bambanta su. Matuƙan ba su ƙara hankali ba, ba su ƙara tsoro ba, amma wannan haɗarin ya kau. Daga baya masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, James Reason, ya bayyana cewa masifa ba ta aukuwa sai ta ratsa shinge da yawa, kowane da ɓarakarsa. Mai garkar albasa a Galmi ya san wannan ba tare da littafi ba: idan akuya ta shiga ta yi ɓarna, dukan yaron da ke gadi ba ya toshe danga. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Aikin kyautata inganci shi ne a samar da abin da zai cike gurbin ɗayan nan kafin ya zama gawa.

Ƙafa ta biyu ita ce ta fi ba ni mamaki, domin Malam ɗan jihar Tawa ne. Wannan aikin da ya kira kayan baƙi, a ƙasarmu nan Tawa ya fara kafa tushe. A 1993 aka soma shirin tabbatar da ingancin aikin lafiya a jihar, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar. Tsarinsa ba mai wuya ba ne. Ma'aikatan cibiya su zauna su zaɓi matsala ɗaya da ke damunsu, ko yaran da ke fara rigakafi ba su ƙarasa ba, ko matan da ba sa dawowa awon ciki. Su bi sawunta su ga inda take tasowa, su gwada gyara ɗaya, su ƙirga su gani ko ya yi aiki. Mai zuwa duba aiki daga gunduma kuma ya daina zuwa da sanda, ya zo ya zauna ya kalli yadda ake duba majinyaci, sannan a tattauna. A 1997 aka haɗa shirin da wani mai suna BASICS, kuma gundumomin Ƙonni da Illela suna cikin na farko da aka gwada tsarin duba yaro gaba ɗayansa, wanda ma'aikata suka sani da PCIME. A lokacin Malbaza tana ƙarƙashin Ƙonni. Tsarin yana tilasta wa mai duba yaro ya bi matakai a jere: alamun haɗari, tari da numfashi, zawo, zazzaɓi, kunne, tamowa, rigakafi. Uwa ta kawo yaro don zazzaɓi, amma ba za a sallame shi ba sai an ƙirga numfashinsa, saboda kada ciwon huhu ya ɓuya a bayan zafin jiki. Binciken da aka yi a kan aikin ya nuna cewa zuwa a kalli ma'aikaci a bakin aikinsa a gaya masa inda ya tsallake yana gyara aikinsa, kuma kuɗinsa bai kai na kwashe shi zuwa kwas ba.

Daga 2006 aka ɗauki wannan hanya zuwa ɗakunan haihuwa 33 a faɗin ƙasar. Abin da aka sa a gaba shi ne zubar jini bayan haihuwa, babban makashin mata a ƙasarmu. Ilimin hana shi sananne ne: a yi wa mace allurar oksitosin nan take bayan fitowar jariri, a taimaka mabiyiya ta fito a hankali, a murza mahaifa. Ungozomomi sun sani, amma matan da ake yi wa hakan ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Da aka bincika sai aka ga allurar tana cikin firiji a wani ɗaki, sau da yawa a kulle da dare. Ma'aikatan da kansu suka kawo dabara: a zuƙe allurar tun kafin haihuwa a ajiye ta a akwatin sanyi a gefen gado, a buga hatimi a takardar haihuwa mai tunatar da matakan uku, a tsara gadi yadda ba za a rasa ƙwararriya ba dare da rana. Cikin shekara biyu matan da ake yi wa wannan kulawa suka haura kashi 90, zubar jini kuma ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Ba a ɗaure ungozoma ko ɗaya ba kafin a sami wannan.

Bayan haka ƙasar ta ɗauki wani tsari na matakai uku a jere don tsayar da jinin idan ya ɓalle: ƙwayar misofurostol, sai balan-balan da ake hurawa cikin mahaifa, sai rigar matse jiki da ke riƙe mace har a kai ta babban asibiti. Sakamakon da Dakta Zeidou Alassoum da Dakta Anders Seim da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Lancet Global Health a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini a asibitocin Nijar ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 2015 da 2020. Wannan aikin 'yan Nijar ne, a asibitocin Nijar, da ƙarancin kuɗin da muka sani.

Kai ko a hannun ma'aikacin ƙauye akwai shaidun wannan tunani, sai dai mun saba da su har ba ma ganinsu. Ɗan tambarin da ke jikin kwalbar rigakafi, wanda ke yin duhu idan zafi ya lalata ta, an yi shi ne don kada a dogara da ƙwaƙwalwar mai ɗauke da akwati. Sirinjin da ke kulle kansa bayan allura ɗaya ya rufe ƙofar maimaita shi. Zaren awon damtse mai ja da rawaya da kore ya sa uwar da ba ta yi boko ba tana gane tamowa. Maganin rigakafin zazzaɓi na damina an bambanta fakitin jarirai da na manyan yara da launi. A ɗakin tiyata kuma, takardar tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 an gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a karkarar Tanzaniya, mutuwar bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Tambayoyin kuwa irin su ne: wane ne wannan majinyaci, wane gefe za a yanka, an ƙirga audugar da aka sa a ciki an ga ta fito duka? Takarda ɗaya ce da minti kaɗan.

Na yarda da Malam cewa an mayar da tarurruka da yawa kasuwar kuɗin zama, kuma shiri da yawa yana mutuwa ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa. Na kuma yarda cewa babu jadawalin da zai maye gurbin ma'aikaci a ƙasar da ba ta da likita ɗaya ga mutum 10,000, ko ya cika kantin da ya bushe saboda jinkirin biyan kuɗin kulawa kyauta da aka shelanta wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006. Amma wannan hujja ce a kan masu riƙe da aikin. Idan limami ya yi kuskure a salla, gyara masa ake yi, ba a rushe masallaci. Kuma inda hannu ya yi kaɗan, aiki ya yi yawa, nan ne aka fi bukatar tsarin da zai tare kuskure.

Saura ƙafa ta uku. Gaskiya ne ba a harhaɗa magani a Ƙonni, amma a Ƙonni ake shan sa, kuma ta iyakarmu da Illelar jihar Sakkwato kaya ke shiga dare da rana. Kuskuren da aka yi a Legas ko a Indiya, a cikin cokalin ɗanka yake ƙarewa. Akwai guba mai suna dayetilin gilaikol, ruwa ne mai zaƙi da kauri, ana amfani da shi a masana'antu, kuma a ido ba a bambanta shi da ruwan da ake narka maganin yara a ciki. Yana kashe ƙoda. A 1937 ya kashe mutum sama da 100 a Amurka, abin da ya haifar da dokar magunguna ta 1938. A 1990 ya kashe yara sama da 100 a Najeriya, a yankunan Jos da Ibadan, ta cikin farasitamol na ruwa. Tsakanin 2008 da 2009 ya dawo ta maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 ga shi a Gambiya cikin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, yara kusan 70 suka tafi. Shekara 85, guba ɗaya, ɓaraka ɗaya: ba a gwada abin da aka zuba a cikin maganin ba kafin a sayar da shi. Hukuncin Legas daidai ne, amma ya zo bayan an binne yaran. Abin da zai hana binnewar shi ne gwajin kowane durom kafin a buɗe shi.

Wannan shi ne ainihin ƙa'idojin harhaɗa magani. Kayan haɗi idan sun iso a killace su, ba a taɓa su sai ɗakin gwaji ya sa hannu. Mutum ɗaya ya auna, na biyu ya duba ma'aunin ya sa hannu. Kafin a fara sabon magani a share layin tas, kada ƙwaya ɗaya ko takarda ɗaya ta wancan ta saura. A ƙirga takardun mannawa kafin aiki da bayansa. Kowane rukuni a ba shi lamba, a ajiye samfurinsa, domin idan matsala ta ɓullo a san wanda za a janye. Wanda ke da ikon sakin magani zuwa kasuwa kuma kada ya kasance ƙarƙashin mai son a sayar da wuri. Duk waɗannan an gina su ne a kan sanin cewa ma'aikaci nagari ma yana iya ɗaukar durom ɗin da ba shi ba. Mutanen Malbaza sun san masana'antar siminti ba ta aiki ba tare da ɗakin gwaji ba, domin ba a jira gini ya rufta kafin a san buhun ya lalace. Abin da muka yarda da shi a kan siminti, ya fi cancanta a kan abin da za a ɗura wa jariri.

Ha'inci ma, wanda na yarda a hukunta shi da tsanani, tsari ne ke kama shi. A annobar sanƙarau ta 1995 Nijar ta karɓi kyautar allurar rigakafi daga Najeriya, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura cewa garin allurar ba ya narkewa yadda ya kamata, suka kai ƙara, gwaji ya nuna babu magani a ciki. Kafin nan an riga an yi wa mutum sama da 50,000, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan. A 2015, ana tsakiyar wata annobar, hukumar ta sake gargaɗi a kan jabun rigakafin sanƙarau a Nijar. A lura da wanda ya tona asirin na 1995: ma'aikaci ne da ya ga abin da bai gane ba, ya buɗe baki. Asibitin da aka koya wa ma'aikatansa cewa shiru ya fi aminci, ko jabu ya gani zai kau da kai.

Kwashe masu talla daga kasuwa kuwa an sha yi, suna dawowa, saboda mutumin ƙauyen Bazaga ko Tajaye da ya tarar kantin cibiya babu magani dole ya nemi inda zai samu. Rufe iyaka ma mun ɗanɗana shi bayan Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, mun ga yadda magani ya yi wuya ya yi tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Wani ma lafiyayye ya baro masana'anta, zafin watan Afrilu ne ya kashe shi a cikin mota ko a shagon kwano. Oksitosin da ya kwana a zafi yana iya raunana, ungozoma ta yi allura, jini ya ƙi tsayawa, a ce ita ce ba ta iya ba. Saboda haka ingancin magani ba ya ƙarewa a ƙofar masana'anta. Ya ratsa ta rumbun magunguna na ƙasa, ONPPC, da ɗakin gwajin LANSPEX a Yamai, da firijin gunduma, har zuwa kantar cibiyar Dogerawa ko Badagishiri. Mu ne ƙarshen layin.

Kuma abin yana yiwuwa. Rigakafin MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, a Indiya aka harhaɗa shi bisa waɗannan ƙa'idoji, farashinsa bai kai rabin dalar Amurka ba, ya kuma kusan shafe sanƙarau nau'in A daga yankinmu. Arha da inganci suna iya zama a kwalba ɗaya.

Don haka ga abin da nake roƙo a madadin abin da Malam ya nema. Kowace cibiya a Ƙonni da Malbaza da Illela ta buɗe littafin kurakurai, har da waɗanda aka tare kafin su yi ɓarna, a zauna a kansa sau ɗaya a wata, tambayar farko ta kasance yaya aka yi, kafin a zo ga wa ya yi. Babban likitan gunduma ya ba da tabbaci a rubuce cewa wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa ba za a wulaƙanta shi ba, wanda ya ɓoye ko ya yi ganganci kuwa zai gamu da hukunci. A raba kwalabe masu kama da juna a kan kanta. A rubuta lambar rukunin kowane magani da ya shigo, da zafin firiji safe da yamma. Kada a yi wa yaro allura sai an tabbatar da shi ta hanya biyu. Idan kuskure ya cutar da mutum, a gaya wa iyalinsa gaskiya, a nemi gafararsu, a biya su haƙƙinsu. Kwamitocin kula da cibiyoyi, da sarakuna da limamai, su riƙa tambayar me aka gyara a wannan wata. Mu kuma masu jinya mu daina jin nauyin tambaya: Malama, wane magani ne wannan, na wane ne, sau nawa, da wane cokali? Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, domin shinge ce a gare shi.

Malam, ni da kai abu ɗaya muke nema, kada uwa ta shiga asibiti da ɗa a goye ta fito da zane a hannu saboda abin da za a iya hanawa. Tsoron Allah da kake kira a kai shi ne tushe, kuma cikarsa shi ne mutum ya san shi ajizi ne, ya yarda a duba aikinsa, ya faɗi gaskiya idan ya kauce. A hukunta maha'inci, a ladabtar da mai sakaci, mai kuskure kuma a saurare shi, domin shi ne ya san inda dangar ta ɓalle. Ina kira gare ka, da alƙalaminka da mutane ke saurare, ka dawo mu haɗa murya mu nemi a farfaɗo da aikin da aka fara a jiharmu tun 1993. Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya yi wa ma'aikatanmu jagora.